Hamsatu da Farin Tamfol

A Kaoje, in ka ji ana cewa yau rana ta yi kyau, to ka tabbata Hamsatu matar Gidaɗo ta riga kowa sani, kuma ta riga ta baza wani abu a cikinta. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, wadda ba ta iya ganin hasken rana ya faɗi ƙasa a banza. Ta shanya kuɓewa a bayan kwalekwalen da aka kifa a bakin ruwa. Ta taɓa shanya barkono a kan motar masu allurar rigakafi, suka fito daga gidan mai unguwa suka tarar da ita ja wur, dole suka jira ta kwashe. Gidaɗo, wanda magana ke yi wa wuyar fita, ya ce shi dai ya daina kishingiɗa a waje da hantsi, don kada ya farka ya ga daddawa a ƙirjinsa.

Sana'arta gumin shinkafa. A Kurgu ta gaje ta wurin uwarta, ta taho da ita ɗakin miji tare da ƙorai da tabarmi. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta kwana, a zuba a rabin duro a turara, a kwashe da zafinta a kai shanya, in ta bushe a kai inji a cashe. Shanyar ita ce ran aikin, domin shinkafar da aka guma ba ta san jira ba. In ba ta ga rana a ranar ba sai ta yi tsami, ta fito da duhu, matan da ke ƙetarowa daga Benin su ci kasuwar Tsamiya su sunsuna su wuce. Ta Hamsatu kuwa ba su taɓa wucewa ba. Da Hausa take ciniki da su, ta haɗa da Fulatanci, in abu ya yi zafi ta jefa ɗan Dandancin da ta tsinta a hanya, a rabu ana dariya.

Ko a fagen shanya an san hannunta, ko kuma a ce ƙafarta. Sauran mata suna jan ƙafa cikin shinkafa a miƙe, layi bayan layi. Ita sai ta riƙa karkacewa, ta yi nan ta yi can kamar tafiyar gulbi. Wai iska ta fi shiga haka. Babu wanda ya taɓa tabbatarwa, babu kuma wanda ya isa ya musa mata.

Abu ɗaya ne bakin Hamsatu ba ya faɗa, shi ne sunan 'yarta ta fari. Sauran 'ya'yanta yini take tana ƙwala musu kira har maƙwabta sun haddace. Amma Safina 'yar fari ce, kuma a gidajen da aka riƙe kunya irin ta da, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Tun yaye kakarta ta ɗauke ta zuwa Zagga, ta tashi tana kiran uwarta Adda kamar yadda ƙannen Hamsatu ke kiranta. In an tambayi Hamsatu labarinta sai ta ce, “Waccan? Ɗiyar Malam ta, shi za ku tambaya,” tana nufin mijinta Gidaɗo. Alhali kuwa son da take yi wa yarinyar har ciwo yake yi mata a ƙirji. Lokacin da Safina ta shiga jami'a, Hamsatu ta ce boko dai ɓata takalmi ne, sannan ta zaɓi mafi kyawun shinkafarta ta ba direba ya kai mata, ta ce ya ce daga Malam.

A shekarar da ruwa ya cika fadama ya daɗe bai janye ba, Safina ta dawo gida a lokacin kaka, ta zama cikakkiyar mace mai karatun digiri na biyu. Tare da ita akwai wani ma'aikacin jami'ar, Ma'azu, da baƙin akwati da ba ya yarda kowa ya taɓa. A cikin akwatin akwai ɗan jirgi mara matuƙi da kyamarar da aka aro mata na mako guda.

Da yamma ta zauna a gindin dogon yaro tana yi wa mahaifinta bayani. Hamsatu na bayan zana da faifai a cinya, wai tsintar tsakuwa take yi.

“Baffa, ruwa ya janye ya bar hwadama duk launi guda,” in ji Safina. “Wani wuri laka ta mai albarka. Wani wuri rairai na, laka 'yar kaɗan ta ruhe shi. Wani wuri kanwa ta taso. Mutum shi zuba iri da taki, sai daga baya shi gane rairai ya yi ma wahala.”

Gidaɗo ya gyaɗa kai, domin an taɓa yi masa haka.

Ta ce idon mutum launi kaɗan yake gani, amma wannan kyamara tana raba hasken rana gida fiye da ɗari biyu. Kowane abu a ƙasa yana da yadda yake mayar da hasken, ya haɗiye wani ya tofar da wani, na'ura kuma ta zana wannan a matsayin layi mai hawa da sauka. Wahalar ita ce layin laka da na rairayin da laka ta rufe kama suke yi kamar Hassan da Husaini. A nan ne aikinta yake, wani lissafi da masu boko ke kira webilet.

“Tankaɗe na, Baffa. A zuba layin ga rariya mai manyan ido, manyan tudu da kwari su tsaya. A ƙara zuba shi ga mai ƙananan ido, a ƙara, har a kai ga 'yan lanƙwasa ƙanana waɗanda ba a lura da su. Can rairai ka tona kansa, can kanwa ka tona kanta. Sai in yi taswira, kowa shi ga abin da ke gonatai tun bai sa garma ba.”

A bayan zana Hamsatu ta gyaɗa kai har faifai ya kusa zamewa. Tankaɗe ai ta san shi, ta san yadda tsaki ke rabuwa da gari. Daɗi ya cika ta, ta matso har kafaɗarta ta taɓa zana. Gidaɗo ya ga inuwarta.

“Ke, ki zagayo mana ki ji da kyau,” ya ce. “Zana za ta hude.”

“Ni? Mi ya haɗa ni da shirmen yara? Kaji nika kora.”

Don ta tabbatar da maganarta sai ta ajiye faifai, ta ja mayafi, ta fice gidan ƙawarta Atika, wadda suke shanya tare tun suna amare. Da ta ƙara haƙurin minti kaɗan da ta ji sauran bayanin. Safina ta ce hasken rana ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka sai an shimfiɗa wani farin tamfol na musamman, wanda aka san iyakar farinsa, jirgi ya bi ta kansa. Shi ne mudun da ake auna duk sauran abin da kyamara ta gani. In mudu ya lalace, awo duka ya lalace. Mai unguwa ya sanar da maza a masallaci, maza suka ce za su gaya wa iyali. Gidaɗo bai gaya wa tasa ba, domin a iya zamansu bai taɓa ganin an yi magana a gidan ta wuce kunnenta ba.

Kwanakin farko gajimare ya hana aiki. Ran Laraba gari ya waye tas. Safina da Ma'azu suka shimfiɗa tamfol a fagen bayan gari, suka danne kusurwoyinsa da duwatsu, suka tafi can ƙarshen fadama inda za su tayar da jirgi.

Ba su daɗe da tafiya ba Hamsatu ta iso fage da daron gumi a ka, tururi na tashi. Tamfol ɗinta ya tsufa, ya huhhuje, ga shinkafa ta fi ƙarfinsa. Tana ɗaga ido sai ga wani sabo fil, fari ƙal, shimfiɗe a tsakiyar rana, babu ko ƙwayar gero a kai. Tsuntsu daga sama gasasshe. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga mai shi ba, ta yi tsaki don takaicin mutanen zamani da ba su san darajar rana ba. Ta juye daro, ta koma ta ɗauko wani, ta cire takalmi ta shiga jan ƙafa, ta yi nan ta yi can. Da ɗan jirgin ya zo wucewa yana ƙugi kamar zuma, har hannu ta ɗaga masa bayan ta tabbata babu mai kallonta. Ta ji a ranta cewa yau ta yi abu biyu masu kyau, ta ceci rana, ta kuma gai da aikin waccan. Da shinkafa ta sha iska ta kwashe, ta share tamfol da tsintsiya, ta mayar da duwatsu inda ta same su.

Bayan la'asar ta fito da tuwo za ta ajiye wa baƙo a gindin dogon yaro. Safina da Ma'azu sun duƙa a kan kwamfuta. Hamsatu ba ta yi niyyar leƙawa ba, idonta ne ya yi gaban kansa. A fuskar kwamfutar ta ga fagen bayan gari daga sama, ta ga wani abu mai kusurwa huɗu launin ƙasa-ƙasa, da layuka a cikinsa suna karkacewa kamar tafiyar gulbi.

“Wane ne ya yi mana wannan ɗanyen aiki?” in ji Ma'azu. “Mudun namu ne aka rufe da shinkafa. Duk abin da muka ɗauka yau ya tashi a banza. Kin ga na'ura ma cewa take yi gulbi kanwa ne.”

Safina ta ƙara duƙawa. Ta sa yatsa a fuskar kwamfutar ta bi ɗaya daga cikin layukan, ta karkata inda ya karkata, har ƙarshensa. Ta san ƙafar da ta ja shi, duk Kaoje an sani. Ba ta ɗaga kai ba.

“Bari, Ma'azu,” ta ce. “Abin da ya wuce ya wuce.”

“Ya wuce ina? Gobe kaɗai ta rage mana. Izinin da jami'an iyaka suka ba mu gobe zai ƙare, jibi da safe kyamara za ta koma. Manoma kuma sun fara shiga fadama. In gobe ta ƙwace, sai dai ki jira wata shekarar, in ma an sake ba ki aro.”

Hamsatu ta ajiye kwanon tuwo a hankali, ta koma bayan zana ta zauna a kan turmi. Da a ce yarinyar ta yi mata tsawa da ya fi sauƙi. Amma ta gani, ta gane, ta rufa mata asiri a gaban baƙo, ga shi al'ada ba ta bar wa uwa ƙofar da za ta bi ta ce wa 'yar fari ta yi haƙuri ba. Ta tashi ta ɗauko sabulu da bula, ta nufi inda aka jingine tamfol, ta ce ko ba komai ta mayar masa da farinsa.

Safina ta hango ta. Sai ta juya wajen mahaifinta ta ce da ƙarfi kaɗan, “Baffa, in wani zai wanke tamfol ɗin ga, ruwa zalla shika so. Bula ɓata shi takai.”

“To,” in ji Gidaɗo, yana kallon sama. “In na ga mai wankewa ni gaya mishi.”

Hamsatu ta soke bula a ƙugu, ta wanke shi da ruwa zalla, sau uku.

Akwai wata matsala kuma. Tun da safe ta riga ta jiƙa wata shanshera, wadda ta fi ta ranar yawa, ta kasuwar Tsamiya mai zuwa. Da asubar Alhamis ta turara ta, don barin ta cikin ruwa ma lalacewa ne. Bayan ambaliya kuwa babu wani busasshen fili mai faɗi sai wannan fage. Ta san in ta baza tata ko a gefe ne, sauran mata za su baza, kaji da awaki su biyo, ƙaiƙayi ya tashi ya sauka inda ba a so. Ta tsaya a kan duro tana kallon tururi, ta ɗaga kai ta kalli sama. Rabonta da ganin rana mai kyan wannan tun bara.

Gidaɗo ya fito da sandarsa ya ce shi zai je gadin tamfol.

“Kai da ka barci zaune?” ta ce. Ta rufe duro da buhu, ta karɓe sandar daga hannunsa, ta wuce.

Haka mutanen Kaoje suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Hamsatu zaune a fage, nesa kaɗan don kada inuwarta ta taɓa, tana gadin shimfiɗar da babu komai a kanta, rana na zuba a banza. Ta kori akuya. Ta kori zakara. Wata guguwa 'yar ƙarama ta taso da ganye, ta tare ta da mayafi tana yi mata faɗa. Matan da suka zo da kaya suka ga sanda, suka ga fuskar mai sandar, suka tsaya daga nesa suna ƙus-ƙus.

Atika ce kaɗai ba ta tsaya ba. Ta taho da daronta a ka, ta nufi tamfol kai tsaye.

“Atika, koma,” in ji Hamsatu.

“In koma ina? Jiya da idona na gane ki kin shanya bisa nai. Yau kuma nawa na.”

“Ba a shanya bisa wanga.”

“Jiya an yi. In na gwamnati na, ai na kowa na. In na baƙo na, baƙo ba ya hana 'yan gari rana.” Ta kai hannu ta fara sauke daro. Daga can ƙarshen fadama aka fara jin ƙugin ɗan jirgin yana tahowa. “Ke tun yaushe kinka zama mai gadi? Na wa na, da za ki bar gumi cikin duro ki zo ki zauna mai?”

Hamsatu ta miƙe. Ta duba cikin duk maganganun da ta saba fakewa da su, waccan, ɗiyar Malam, shirmen yara, ta ga babu wadda za ta tsayar da daron Atika. Gindinsa ya kusa taɓa ƙasa.

“Na ɗiyata na,” ta ce. “Na Safina na. Karatunta na, ni kuwa na ɓata mata shi jiya. In ƙwaya guda ta hau shi yau, ni da ke mun rabu.”

Atika ta tsaya a duƙe, daro a hannu, baki buɗe. Tun suna amare take tare da matar nan, ta ji ta tana zagin masu inji, ta ji ta tana waƙar daka, amma ba ta taɓa jin wannan suna a bakinta ba. A hankali ta ja daronta baya, ta kai shi can gindin zana ta rufe, ta dawo ta zauna kusa da Hamsatu.

“To ba ni sandar,” ta ce. “Ni taya ki gadi.”

Jirgin ya zo ya wuce ta kan farin tamfol, ya juya ya sake wucewa. Babu wadda ta ɗaga masa hannu.

Aiki ya yi kyau. Da yamma aka ji Ma'azu yana dariya a gindin dogon yaro, yana nuna wa Gidaɗo yadda fadama ta rabu launi uku a kwamfuta, laka daban, rairayi daban, kanwa daban, gulbi kuma ya koma gulbi. Taswirar ta isa hannun manoma daga baya, ana ta gardama a kanta kamar yadda ake yi wa kowane abu a Kaoje. Shinkafar Hamsatu kuwa ta yi tsami. Ba ta ga kasuwar Tsamiya ba, a gida aka ci ta har sanyi ya fita, Gidaɗo na cewa a kowane kwano wai ya fara sabawa. Maganar da aka yi a fage kuma, tun kafin rana ta faɗi Atika ta kai ta kowane gida, har da gindin dogon yaro.

Ran Juma'a da safe mota ta tsaya a ƙofar gida, Ma'azu ya shiga da akwatinsa a cinya. Safina ta yi sallama da mahaifinta, sannan ta zagaya bayan zana. Hamsatu na duƙe tana baza tsamammiyar shinkafarta a tsohon tamfol, tana jan ƙafa kamar ba ta san ana tafiya ba. Safina ta durƙusa a bayanta.

“Inna,” ta ce, “za ni tahi.”

Ƙafar Hamsatu ta tsaya a tsakiyar layi. Ba ta juyo ba. Idonta ya cika, ta ji in ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba.

“Allah shi kiyaye hanya,” ta ce da ƙyar. Sai ta kaɗa mayafi ta nufi kusurwar gida da sauri. “Kur, kur. Kajin ga ba su barin mutum shi yi aiki.”

Gidaɗo ya leƙo ya duba. Babu ko kaza ɗaya a tsakar gidan. Sai ya ɗauki sandarsa ya taya ta kora.